Kofuna Goma Sha Takwas da Fentin da Ya Ƙi Zama

Akwai wata yarinya a layinmu, nan San Pablo, sunanta Maricar. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, don abin nan jiya-jiya ya faru, kuma tun da gari ya waye ba a hirar komai a bakin gidan burodin Aling Nenita sai shi!

Ate Maricar muke ce mata, wato Yaya Maricar, don ta girme mu. Shekararta ashirin, tana kwaleji, kuma gaskiya Allah ya ba ta hannu. In ta zana fure a bayan littafi sai ka ji kamar ka kai hanci ka shinshina. Matsalar ɗaya ce: ta san da haka, kuma sanin ya hau mata kai.

To, 'yar ƙanwar mamanta, Divina, za ta cika shekara goma sha takwas. Kun dai san yadda ake yi. Doguwar riga, wardi goma sha takwas, kyandir goma sha takwas, sannan a kira mutum goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga kofin ruwan inabi ya yi wa yarinya fatan alheri, ya tafi gida da kofinsa mai ɗauke da sunansa. Baban Divina ma, da yake aikin jirgin ruwa, tun bara ya roƙi hutu don kada bikin ya wuce shi.

Tita Zeny, maman Divina, har ta yi magana da wani shago a Manila, babban birnin ƙasa, da za su buga sunayen da inji. Sai Maricar ta shiga gurup ɗin dangi ta rubuta: “Haba Tita, na inji? Kowa irinsa yake yi. Ku bar mini, da hannuna zan zana su. Wannan ce kyautata ga Divina.”

Tita Zeny ta ce, “Kin tabbata? Ni fa ba na son abin kunya a gaban dangin mijina.”

Divina ce ta roƙi mamanta. “Mama, don Allah ki bar Ate Maricar ta yi. Na fi son nata.”

Aka soke na Manila. Aka sayo kofuna masu siririyar ƙafa, kwali uku, shida-shida, ba ragi ba ƙari. Sunan farko a jerin shi ne Lola Epang, kakarsu mai shekara tamanin da huɗu. Na ƙarshe kuwa Maricar ce da kanta.

Kwana tara ta yi tana aikin nan a barandar gidansu. Jajayen wardi, ganye, ɗigo-ɗigon ruwan zinare, kai, abin ba a cewa komai.

Ran kwana na uku, ƙawayenta biyu suna zaune suna ɗaukarta a waya, sai ga Mang Doro ya biyo layin da ledar burodinsa.

Mang Doro tsoho ne da ke zaune a ƙarshen layi, kusa da tsohon gareji. Shekara arba'in ya yi yana zanen motocin hayar nan da ake kira jipni, dawakai da gaggafa da sunayen 'ya'yan direba, a jikin ƙarfe da kan gilashin gaba. Yanzu kowa ya koma sitika ta kwamfuta, shi kuma hannunsa ya fara rawa, sai ya ajiye buroshi.

Ya tsaya a bakin baranda yana kallo. Ƙawayen suka tashi suka kama hannunsa suka kai goshi, yadda muke gaida manya. Maricar ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya ce, “Sannu da aiki, 'yata. Kin goge su da sifirit kafin ki fara?”

“Na wanke su.”

“Wanki daban, gugar sifirit daban.” Ya ɗauki robar fenti ɗaya ya matso da ita kusa da idonsa. “Af. Ai wannan fentin takarda ne. Gilashi ba ya shan fenti, 'yata, bisa kawai yake zama. In ba nasa aka sa masa aka gasa ba, ranar da kofin ya yi gumi...”

“Mang Doro,” ta katse shi, “wannan kofi ne, ba jipni ba. Ba doki zan zana ba.”

Ƙawayen suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ta ƙara da cewa, “Bidiyon da na koya a ciki, mutum miliyan biyu suka kalla.”

Tsohon ya ce, “Su miliyan biyun, sun sha ruwan sanyi a ciki?”

Da nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma dariyar ƙawayen ta riga ta yi mata daɗi. Sai ta dubi hannunsa da ke rawa da robar fentin, ta ce, “In hannunka ya daina rawa, sai ka zo ka koya mini.”

Mang Doro ya ajiye robar a hankali daidai inda ya ɗauke ta, ya gyara riƙon ledarsa, ya wuce. Ko waiwaye bai yi ba.

Biki ranar Asabar ne, ƙarfe biyar na yamma. Ran Juma'a da safe kofunan suna jere a kan teburin cin abinci, suna ta sheƙi. Nanay Perla, maman Maricar, ta dawo daga kasuwa tana gumi, ta ce, “Kai, bari dai in ɗana naki, in ji yadda masu kuɗi suke ji.”

Ta zuba ruwa, ta jefa ƙanƙara uku, ta zauna tana fifita. Kofin ya fara gumi. Ta kurɓa, ta ajiye, sai ta ga babban yatsanta ya yi ja.

“Ke Maricar, zo. Mene ne wannan?”

Maricar ta fito daga ɗaki ta duba. Wardin nan da ta yi rabin yini tana zanawa ya tashi daga wurinsa, ya zame ƙasa kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Ta taɓa sunanta da farce. Sunan ya biyo farcen gaba ɗaya.



Ta ɗauki wani ta ɗiga masa ruwan sanyi. Ya zame. Ta ɗauki na uku. Ya zame. Ta zauna a ƙasa, kunnuwanta suna shuu, tana tuna kawunta Tito Boyet da ba ya shan komai a duniya sai da ƙanƙara, ga kuma zafin ɗakin taro, ga hannayen mutane masu gumi. Ta hango Lola Epang riƙe da kofi a gaban kowa, jan fenti yana bin yatsunta yana ɗiga a kan farar riga.

Wayarta ta yi ƙara. Tita Zeny ce ta turo saƙo: “Kofuna fa? Gobe kafin ƙarfe huɗu su iso. Mai hoto yana son ya ɗauke su a jere.”

Maricar ta kira shagon Manila, suka ce mako guda ne mafi sauri. Ta ɗauko man farce marar launi ta shafa a kan ɗaya ko zai riƙe, sai ya narkar da furen ya zama kamar an zubar da miya.

Nanay Perla dai tana tsaye tana kallonta. Can ta ce, “Kin gama?”

“Nanay, na shiga uku. Me zan ce wa Divina? Ita ce fa ta tsaya mini.”

“Kin san inda za ki.”

“Ba zan iya ba. Ba ki ji abin da na faɗa masa ba.”

“Na ji. Layin nan kaf ya ji. Kunya ce dai za ki sha, ko yau a gaban tsoho ɗaya, ko gobe a gaban mutum ɗari da hamsin, kuma gobe ba ke kaɗai za ki sha ta ba. Zaɓi.”

Daga gidansu zuwa ƙarshen layi bai kai tafiyar minti uku ba, amma sau biyu Maricar tana tsayawa kamar ta juya. Ta tarar da shi a tsakar gida yana watsa wa zakaransa tsaba. Ya gan ta sarai, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ta matsa ta sunkuya, ta kama hannun nan mai rawa ta kai goshinta.

Ya ce, “Au, yau an tuna da goshi?”

Ta miƙa masa kofi ɗaya da ta zo da shi. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya ja fentin da yatsa, ya fita salin-alin.

“Ƙanƙara?”

“Ƙanƙara.” Sai hawaye. “Mang Doro, ka yafe mini. Bakina ne. Ni ko ba ka taimake ni ba, ka yafe mini maganar nan.”

Ya daɗe yana kallon zakaransa. Sannan ya ce, “Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu ban fita sayen burodi ba. Amma Divina ba ta zage ni ba. Yaushe ne bikin?”

“Gobe, ƙarfe biyar.”

“Guda nawa?”

“Goma sha takwas.”

Ya yi tsaki. “To me kike tsaye kina yi? Je ki kwaso su. Ki ce wa uwarki ta tafi shagon kayan zane na bayan babban coci, ta ce fentin gilashi na gasawa, fari da kore. Ta haɗo da sifirit da auduga da reza. In mai shagon ya ce duk ɗaya ne, ta ce Doro ya ce ƙarya yake.”

Kafin sha biyun rana sun baje a kan wani tsohon benci a cikin garejin. Aikin kwana tara, Maricar da hannunta ta kankare shi da reza, wardi bayan wardi, tana yi tana jan hanci. Ta wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ta goge da sifirit har suna ƙara ƙii-ƙii.

Ta kai hannu za ta ɗauki ɗaya ta cikinsa, sai ya buge bayan hannunta da hularsa.

“Ta ƙafa! Maiƙon yatsanki kaɗai ya isa ya hana fenti zama. Sake gogewa.”

Ta sake gogewa.

“Daga baki ki bar faɗin yatsa biyu, ba fenti. Mutane za su kai leɓe wurin. Suna kuma a gindin kofi za ki rubuta, inda hannu ba ya yawan taɓawa.”

Ta ce, “To, bari in fara wardin.”

“Wardi na mai kwana tara ne. Ke yini ɗaya gare ki, shi ma ya yi rabi. Sampagita za ki yi, ɗan farin furen nan. Ɗigo biyar fari, ganye biyu, ki wuce.”

“Amma Mang Doro, a gurup na riga na saka hoton wardi...”

“To je ki ba su hoton su sha ruwa a ciki.”

Ta ɗauki farin fenti.

Shi ba zai iya riƙe buroshi ba, da baki yake aikin. Ya nuna mata yadda za ta kafa ɗan ƙaramin yatsanta a jikin bencin don hannu ya tsaya, yadda za ta juya kofin maimakon ta juya buroshin, yadda za ta saki numfashi kafin ta ja layi. In ta cika fenti ya ce, “Kunu kike damawa?” In ta yi sauri ya ce, “Direba yana jiranki ne?”

Kowane minti goma sai ta kalli agogon waya. Ƙarfe uku, kofi biyar. Ƙarfe huɗu da rabi, kofi goma sha ɗaya. Wuyanta ya sage, yatsunta suka fara ƙagewa. Tita Zeny ta kira sau biyu, ta bar wayar tana ta ruri a kan benci. Rana tana gab da faɗuwa ta ajiye na goma sha takwas.

Ta ce, “Shi ke nan?”

“Shi ke nan me? Su kwana su sha iska. Gobe za a gasa su. In ba a gasa ba, jiya i yau.”

Asabar da safe suka ɗauki kwalayen zuwa gidan burodin Aling Nenita, don ita kaɗai ke da tanderu mai girman da zai ɗauke su gaba ɗaya. Aling Nenita ta riƙe ƙugu tana dariya.

“Shekara ashirin da biyu ina gasa burodi, yau kuma kofi zan gasa! Doro, in sun nuna da man shanu ake ci ko da kofi?”

Maricar ko murmushi ba ta iya yi ba. Ta ce, “Aling Nenita, ai tanderun da zafinsa, mu saka yanzu mu huta.”

Mang Doro ya ce, “Saka gilashi mai sanyi a tanderu mai zafi, ki ji waƙa. Sai ya huce sarai. Tare za su ɗau zafi, tare za su huce.”

Aka buɗe ƙofar tanderun aka kunna masa fanka. Ƙarfe tara, da zafi. Ƙarfe goma, da ɗumi. Maricar tana ta safa da marwa tsakanin buhunan fulawa, tana cizon farce. Sai sha ɗaya saura tsohon ya sa tafin hannunsa a ciki, ya ƙirga goma, ya ce, “Yanzu.”

Aka jera su a faranti, aka rufe, aka kunna wuta ƙasa-ƙasa. Sha biyu da kwata aka kashe.

Mang Doro ya miƙe yana dafa gwiwa. “Zan je in ci abinci in sha magani. Ki saurare ni da kyau. Kada a buɗe ƙofar nan sai biyu da rabi. Ko gobara ake yi a layin, ki bar ta a rufe.”

“To, Mang Doro.”

Bai daɗe da fita ba hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke, iska mai sanyi tana shigowa ta ƙofar baya. Aling Nenita ta koma gaban shago wurin masu saye. Maricar ta rage ita kaɗai, ita da tanderu.

Waya ta yi ƙara. Wannan karon ta ɗauka.

“Maricar! Tun jiya nake kiranki! Ina kofunan?”

“Suna hanya, Tita.”

“Wace hanya? Daga gidanku zuwa nan Manila ce? Mai hoto ya iso, surukata ta iso, kowa yana tambaya. Ki gaya mini gaskiya, akwai matsala?”

“Babu, Tita. Kafin huɗu.”

“Allah ya sa. Don in kika kunyata ni yau...” Ta kashe.

Maricar ta zauna a kan buhu tana kallon ƙofar ƙarfen nan. Babu gilashin leƙawa a jikinta. To in fentin ya ƙone fa? In farin ya koma ruwan ƙasa? In sun faɗo kan juna tun ɗazu, tana nan zaune tana gadin tarkace? Gara ta sani yanzu, ko za ta sami abin yi. Ƙarfe ɗaya da kwata. Ai an yi awa guda da kashe wuta. Leƙawa kawai, ba fito da su za ta yi ba.

Ta ja ƙofar, faɗin yatsa uku.

Ta gan su a jere, farare tas, lafiya lau. Daidai lokacin iskar ruwan nan ta kaɗo ta bayanta.

Ƙas!

Ta maida ƙofar da sauri, ta dafe ƙirji. Ƙara ɗaya ta ji. Ko biyu ne? Ta kasa tantancewa. Awa ɗaya da kwata ta yi a zaune a wurin, hannayenta a tsakanin gwiwoyi, ba ta san kofi nawa ta kashe ba, ba kuma halin ta duba.

Biyu da rabi daidai Mang Doro ya shigo da lema, Nanay Perla a bayansa. Aka buɗe. Aka riƙa fito da su ɗaya-ɗaya, tsohon yana karta kowanne da farce. Fentin ya kama kamar da shi aka ƙera gilashin. Goma sha biyar, goma sha shida, goma sha bakwai.

Na bakin ƙofa ya tsage tun daga baki har ƙasa. Maricar ta juya gindinsa ta karanta. Lola Epang.

Mang Doro ya dube ta. “Kin buɗe?”

Aling Nenita ta yi caraf ta ce, “Wataƙila dama da tsagarsa tun daga shago...”

Maricar ta ce, “Na buɗe.”

Ya gyaɗa kai. “To.”

Wannan “to” ɗin ya fi mata zagi ciwo.

Nanay Perla ta fara lissafi da baki. A sayo wani? Irinsu sun ƙare a shagon, kuma ko an samu babu lokacin gashi. Aling Nenita ta ce a cire na ɗaya daga cikin 'yan ajin Divina, yara ne, ba za su damu ba, a ce a hanya ya fashe.

Maricar ta bi kofunan da ido har ta kai kan wanda take nema. Ta ɗauke shi.

“Ba wanda za a cire wa nasa. Ni na buɗe. Mang Doro, in na kankare sunana, akwai abin da zai zauna a wurin ba tare da gashi ba?”

Tsohon ya sa hannu a aljihun wandonsa ya fito da makulli. “Perla, a garejin akwai ƙaramin gwangwani a saman taga, fentin mota ne, fari. A gindin kofi ba ya cutarwa, baki ba ya zuwa nan. In aka sa shi gaban fanka zai bushe kafin a kira suna. A dai gaya wa tsohuwar kada ta wanke sai bayan mako.”

Gasasshen fenti ba ya fita da daɗi. Sai da rezar ta yanke ta a yatsa kafin sunanta ya gama fita. Ta goge da sifirit, ta kafa ɗan yatsanta, ta saki numfashi, ta rubuta sunan kakarta.

Ƙarfe huɗu saura biyar ta shiga ɗakin taron da kwalaye, gashinta a jiƙe. Tita Zeny ta buɗe kwalin farko ta ce, “Ina wardin?”

“Na canja, Tita.”

Tita Zeny ta ƙirga da ido, bakinta yana motsi. “Goma sha bakwai.”

“Nawa ne babu. Zan yi bayani.”

Ba ta sami damar yi ba, aka ja Tita Zeny wurin hoto.

Jama'a, bikin ya yi kyau! Divina ta sauko cikin shuɗiyar riga, babanta yana ta share ido. Aka yi rawar wardi, aka kunna kyandir. Maricar dai ba ta ga komai ba, ko taliyar da aka zuba mata ba ta taɓa ba. Idonta yana kan teburin kofuna.

Mai gabatarwa ya ce, “Kofi na farko, Lola Epang!”

Aka riƙo tsohuwar ta fito. Aka zuba mata, ta ce a ƙara ƙanƙara, zafi take ji. Kofin ya fara gumi a hannunta. Ita kuwa Lola in ta fara addu'a ba ta san gajarta ba. Ta yi wa Divina, ta yi wa mijin da ba a samu ba tukuna, ta yi wa jirgin babanta, tana ta murza kofin a tafin hannu. Maricar ta kafa wa hannun nan ido.

Lola ta kurɓa, ta sauke hannu. Yatsunta fes. Furannin suna nan daram.

Tito Boyet ya cika nasa da ƙanƙara har tana zubowa. Daram. Haka aka bi su har goma sha bakwai.

“Na ƙarshe, mai zanen kofunan da kanta, Maricar!”

Aka yi tafi. Ta fito da kofin roba fari, irin na teburin ruwa. Mai gabatarwa ya ce, “A'a! Mai gidan burodi da yunwa?” Aka kwashe da dariya. Tita Zeny ba ta yi ba.

Maricar ta karɓi makirufo.

“Divina, kofina ya tafi wurin Lola, don na fasa nata da rashin haƙurina. Kuma waɗannan da kuke riƙe da su ba dabarata ba ce. Na farkon da na yi, da yanzu duk hannayenku sun yi ja. Mang Doro ya gaya mini tun ran kwana na uku, na yi masa rashin kunya a gaban mutane. Shi ne kuma ya zauna da ni jiya da yau har aka gyara. Fatana gare ki, ƙanwata, Allah ya ba ki kunnen da ni ban yi amfani da nawa ba.”

Divina ta tattaro rigarta ta sauko daga kan dandamali ta rungume ta, kofin robar ya matse a tsakaninsu, lemo ya zube.

Sai muryar Lola Epang daga kujerarta: “Wane Doro? Doro mai fenti? Yana ina?”

Tita Zeny ta ce wa uwarta, “Nanay, ai ba ya cikin jerin baƙi...”

“Shi ya zana motar ubanki, har da sunanki a gilashin gaba, kina da majina a hanci! A ce ba ya cikin jeri? Boyet, ajiye ƙanƙarar nan ka je ka ɗauko shi!”

Minti ashirin sai ga Tito Boyet da Mang Doro, da silifas ɗinsa da tsohuwar hularsa, yana ta cewa shi bai yi shiga ba. Tita Zeny da kanta ta ja masa kujera kusa da Lola, ta kama hannunsa ta kai goshi. Lola ta miƙa masa kofinta.

Ya ɗaga shi saitin fitila, hannunsa yana rawa, ya juya shi a hankali. Kowa ya zuba masa ido, Maricar ta fi kowa.

Ya ce, “Furen nan na gefe ya karkace.”

Maricar ta sunkuyar da kai.

“Amma zai fi ni daɗewa a duniya. A zuba mini, da ƙanƙara.”

Darasi: Kada ka raina wanda ya riga ka sanin aiki don ka ga ya tsufa ko hannunsa ya gaji, domin abin da ya faɗa maka a tsaye cikin minti ɗaya, shekaru ya yi yana biyan kuɗinsa. In an ce ka jira, ka jira. In kuma ka yi ɓarna, kai za ka ɗauki asarar, kada ka ɗora wa wani. Ku tura wa 'yan ajinku da 'yan gidanku, musamman wanda kuka san ba a isa a gyara masa ba!